Kunyar Da Na Yi wa Haruna

Jibiya

Zuwa ga ɗiyata Murja,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kun isa Maraɗi lafiya ke da 'yan rakiyarki, kin kuma sami mutanen gidan mijinki Isuhu ƙalau. Allah Ya tsare ki a gidan da kika shiga, Ya tsare ki a hanya duk ranar da kika taso, Ya sa ki kwana lafiya ki tashi lafiya. Mu nan muna yadda kika bar mu, sai dai gidan ya yi mini girma.

Na ba ƙanwar mijinki wannan takarda, na ce kada ta miƙa miki sai baƙi sun watse. Kin san rubutuna na ajin matan aure ne, in kin ga layi ya karkace ki bi shi a haka. Gwaggwanninki sun riga sun cika miki kunne da haƙuri da biyayya da yadda ake gaida surukai. Duk gaskiya suka faɗa, ba zan ƙara a kai ba. Ni abin da ya hana ni sukuni daban ne. Kin bar gidan nan kina murmushi, kowa yana cewa Murja ba ta da damuwa, ni kuwa uwarki ban san abin da ke cikinki ba. Na taɓa zama gida ɗaya da ɗana ban san abin da ke cikinsa ba, kin kuma ga yadda aka ƙare. Yanzu ga iyakar ƙasa tsakanina da ke. Tsoro nake ji, shi ya sa na ɗauki biro.

Maganar yayanki Haruna zan yi miki. Na san sai da kika sake duba sunan, don tun da kika yi wayo ba ki taɓa jin sa a bakina ba.

Da ƙuruciyata na haife shi. Ɗan fari ne, ga shi an sa masa sunan kakanku mahaifin Babanku, kunya ta zama biyu ke nan. Ranar suna na ƙi ɗaukarsa a gaban mutane, mata suna ta yabo wai yarinyar nan ta fito gidan tarbiyya. In zan ba shi nono sai na juya wa mutane baya. Da aka yaye shi kakarku Iya ta tafi da shi Mazanya, ita ta riƙe shi har ya isa shiga sakandare, sannan ya dawo wurinmu. Duk gida Abba ake ce masa. Ni ko Abban ban iya faɗa ba. "Yaron nan" nake cewa, in yana kusa kuma in ce "kai".

Kada ki ɗauka ban so shi ba. Na so shi har abin yana ba ni tsoro. Amma son nawa a cikin kwano yake tafiya. In na kwashe tuwo sai in tura tsokar nama ƙarƙashin malmala, in miƙa miki in ce ki kai wa wancan. Ranar da ya faɗi da mashin a hanyar Gangara ya shigo yana ɗingishi, wando ya manne masa a gwiwa da jini, ina zaune ina tsince wake ban ɗaga kai ba. Ke na aika ki dubo ciwon ki zo ki faɗa mini. Maƙwabciyarmu tana wurin, ta ce, "Kai, Hajara akwai kawaici." Na ji daɗin yabon nan, wallahi na ji. Ɗana yana can yana zubar da jini, amma na zauna ina jin daɗin an ce ina da kawaici. In na tuna haka haushin kaina nake ji har yau.

Ban ce al'adar banza ce ba. Iyayenmu sun yi ta don kada uwa ta sangarta ɗa, kuma a zamaninsu ɗan fari yana da wurin zuwa, ga kaka, ga kawu, ga gwaggo, duk a gida ɗaya. Shi kuwa Haruna mun raba shi da Iya, kawunnansa neman abinci ya watsa su garuruwa, ya rage daga ni sai Babanku, mu biyun kuma kunyarsa muke ji. Ba wanda ya tsaya ya lura da haka. To ke a gidan da kika je za ki tarar da nasu al'adun, ki bi, ban hana ki ba. Amma kafin ki bi ki ɗan duba ko akwai wanda al'adar ta bari shi kaɗai ba mai yi masa magana.

Da ya gama sakandare ya shiga kabu-kabu kamar sauran samarin unguwa, yana ɗaukar fasinja da kaya tsakanin tasha da bakin iyaka. Kin tuna shi da barkwanci. In ya tsaya yana kwaikwayon yadda 'yan kamasho ke kiran fasinja, direbobin da ke cin tuwo a rumfata har ƙwarewa suke yi don dariya, ni kuma in duƙar da kai cikin tukunya kada a ga nawa haƙoran. Sai aka rufe boda. Manyan motoci suka yi layi suka tsaya, mashina suka koma zaure. Duk gari abin ya shafa, don haka da ya daina fita ba mu ga wani abu ba. Ya daina zuwa majalisarsu. Ya daina aski. Kwanonsa ya fara dawowa da naman a inda na ɓoye shi. Ko da hanya ta buɗe abokansa suka koma aiki, shi mashin ɗinsa yana jingine a zaure kaji suna kwana a kai. Kullum da safe zai durƙusa a ƙofar ɗakina ya ce, "Inna, ina kwana." In ce, "Lahiya lau," ina kallon wani wuri. Iyakar hirarmu ke nan.

Wata la'asar ya zo rumfa. Bai saba ba, don in abinci yake so ke yake aikowa. Ina tuƙa tuwon dare, mata biyu masu taya ni aiki suna wanke kwanoni. Ya zauna a bencin bayan murhu, inda hayaƙi ke bugawa ba mai son zama. Can ya ce, "Inna, ina son in yi maki wata magana."

Ɗaya daga cikin matan ta tuntsire da dariya. "Yau ga ɗan fari ya zo hira wurin uwatai! Hajara, mu tashi mu ba ku wuri?"

Kunya ta rufe ni. Ban ko saki muciya ba na ce, "In magana ce ka tahi wurin Babanku. In yunwa ce ga tuwo nan cikin kula."

Ya yi 'yar dariya ya ce, "To, yunwar ce." Ya wanke hannu, ya yi loma biyu, ya ce mana sai an jima. Bai sake zuwa rumfar ba.

Har gobe ban san maganar da ya zo da ita ba. Na yi shekaru ina ƙirƙirarta a raina, yau in ce kaza ce, gobe in ce a'a. Daga baya likita ya ce mini ba wannan la'asar ce ta kashe shi ba, ciwon ya riga ya yi nisa, kuma na yarda da shi. Amma dai da na ajiye muciyar nan ba abin da zai faru sai tuwo ya kama, in ya kama kuma a tuƙa wani. Murja, duk ranar da mutum ya zo ya zauna kusa da ke ba aike ba ciniki, musamman wanda bai saba ba, ki ajiye abin da ke hannunki ki juyo ki dube shi. In akwai mutane ki ja shi gefe. Masu dariya su yi, ba su za su kwana da abin ba.

Ba wai mun zuba ido gaba ɗaya ba ne. Da ramar ta yi yawa Iya ta ce iska ce, aka karɓo rubutu, aka yi hayaƙi. Babanku ya ce zaman banza ne, ya yi masa faɗa. Wani abokinsa ya zo har zaure ya ce a kai shi asibiti Katsina wurin likitan ƙwaƙwalwa. Ni ce na ce a'a. Na ce in aka ji an kai shi can sunan mahaukaci ya bi shi ke nan, wa zai ba shi mata, wa zai nemi ƙanwarsa. Bakin mutane na tsaya tsoro, mutanen da yanzu ko sunansa ba sa tunawa. Ki sani addu'a ba ta hana asibiti, ana haɗa su. Ciwon damuwa ciwo ne kamar hawan jini, yana da likita, yana da magani, ana kuma samun sauƙi. In kika ji wani naki ya ce ya gaji da duniya, kada ki ce masa ya daina saɓo ki wuce. Ki tambaye shi kai tsaye me yake nufi, kada ki bar shi shi kaɗai, ki nemi wanda zai taya ki ku kai shi asibiti ko yana so ko ba ya so.

Haruna ya kashe kansa. Na rubuta yadda yake don na gaji da kewaye-kewaye.

Kafin azahar labari ya gama unguwa. Maza suka taru a ƙofar gida suna ƙus-ƙus, wasu suna cewa irin wannan ba a yi masa salla. Ina jin su ta kan katanga. Sai tsohon Limanmu ya iso, Allah Ya ji ƙansa shi ma, ya ce, "Ku yi mashi wanka ku hito da shi. Musulmi ne ɗan Musulmi. Abin da ke cikin kanshi sa'ad da ya yi haka ni ban sani ba, ku ma ba ku sani ba. Wanda Ya sani Ya hi mu jinƙai." Ya shiga gaba, masu bi suka bi, wasu suka zame. Na sa an faɗa mini waɗanda suka zame ɗaya bayan ɗaya, na kuma daɗe ban amsa gaisuwar matansu ba.

Ni ban yi kuka ba. Uwa ba ta yi wa ɗan fari kuka a gaban jama'a, haka na taso na gani. Na zauna a tabarma da carbi, mata suna shigowa suna ba ni haƙuri, suna fita suna cewa yau sun ga tawakkali. Ba tawakkali ba ne, kunyar ce dai ta bi shi har makara. Baƙin da suka zo daga nesa kuma in sun tambayi abin da ya same shi sai in ce zazzaɓi ne na kwana biyu. Na faɗa sau ɗaya, daga nan dole na ci gaba da faɗa. Ƙaryar nan ta ɗaure ni, don wanda ka ce wa zazzaɓi ne haƙurin zazzaɓi zai ba ka, ya tashi ya bar ka da ainihin abin. Ban ce ki riƙa shelar sirrin gidanki a kasuwa ba. Amma ki sami ko mutum ɗaya wanda ya san gaskiyar halin da kike ciki, ba wadda aka gyara don baƙi ba.

Bayan arba'in na rufe rumfa. Na kwanta, ba ciwon da za a nuna, ba kuma lafiya. Abin da ya rage mini na yi shi ne neman mai laifi, mutane kuwa suka taya ni. Wannan ya ce ƙwaya ce, wancan ya ce budurwa ce ta ƙi shi, wata ta ce sammu, wani ya ce rufe boda. Daga baya na gane kowa dalili guda yake nema wanda babu irinsa a gidansa, don hankalinsa ya kwanta a kan nasa 'ya'yan. Ni kuma na ɗora wa Iya, na ce ita ta lalata shi da shagwaɓa. Tsohuwa ta taso daga Mazanya da sandarta ta zo duba ni, na faɗa mata haka daga cikin ɗaki, na bar ta zaune a tsakar gida. Ita da ta goya shi, ta yi masa kaciya, ta yi jinyar ƙyandarsa. Allah Ya taimake ni na je na ba ta haƙuri kafin ta rasu. Ta ce ita ba ta ma ji abin da na ce ba, kunnenta ya yi nauyi. Ta ji sarai, rufa mini asiri ta yi.

Na ɗora wa Babanku ma, sai dai shi ban faɗa masa ba. Muka zauna gida ɗaya ba abin da ke haɗa mu sai "ga abinci" da "na fita". Baƙin ciki yana zuwa da faɗa a bayansa, Murja, kuma na kusa da kai yake sa ka cije. In ya same ki, Allah Ya kiyaye, ki riƙe bakinki a kan mutanen gida har zafin ya sauka.

Dije ce ta fara tayar da ni, Bafillatanar nan mai kawo mana nono daga rugar bayan Gangara. Wata hantsi kina makaranta ta yi sallama, na ce daga ɗaki ba ma saye. Sai na ji ta sauke ƙwarya. Ta ɗaga labule ta shigo ta zauna a bakin gado ba wanda ya ce ta zauna.

Ta ce, "Hajara, ba zazzaɓi ba ne, ko?"

Na yunƙura zan kore ta. Ta ce, "Zauna. Nawa ma ba zazzaɓi ba ne. Mu maciji muka ce. Shi ma na fari ne, kin kuwa san mu Fulani mun hi ku wannan kunyar. Sunanshi Buba. Ban taɓa kiranshi ba sai da ƙasa ta ruhe shi. Naki fa?"

Na ce, "Ai kin san sunanshi."

Ta ce, "Na sani. A bakinki nike son ji."

Ta zauna tana jira, ba ta taya ni ba. Da ƙyar na ce Haruna. Ina faɗa kuwa kukan da na hana kaina ya zo gaba ɗaya, na yi shi da murya kamar ƙaramar yarinya, Dije tana riƙe da ƙafata tana nata. Ranar nononta bai ga kasuwa ba, a gidanmu ya kwana, ke da Babanku kuka sha shi har kuka gaji ba ku san dalili ba. Daga nan duk ranar kasuwa sai ta biyo, ta ba ni labarin Buba da shanunsa, in ba ta na Haruna da mashin ɗinsa. Ba ta taɓa ce mini in yi haƙuri ba, ni ma ban ce mata ba.

Ita ta raka ni asibiti da jiri ya fara kayar da ni. Aka ce hawan jini ne. Nas ɗin da ta auna ni ta tambaye ni ko ina barci, na buɗe baki zan ce lafiya lau, Dije ta zungure ni. Na faɗi gaskiya. Aka tura ni Katsina, wurin dai likitan da na hana a kai ɗana. Na sha magani na wani lokaci, na riƙa komawa muna magana. Ba wanda ya kira ni mahaukaciya, in ma an kira ban ji ba, barcina dai ya dawo.

Sai da na ɗan ji ƙarfi na iya tarar Babanku. Ya dawo daga kasuwar hatsi yana wanke ƙafa a bakin rijiya, na tsaya a kansa na ba shi labarin la'asar nan ta rumfa, tun daga zaman benci har tuwon cikin kula. Ya ajiye buta. Sannan ya ce, "Ai ya zo. Da kika turo shi ya zo wurina. Ni kuma na ce mashi namiji ba ya zama yana tunane-tunane, ya tashi ya nemi abin yi." Ashe duk zaman nan da nake jin haushinsa, shi ma yana ɗauke da nasa yana zaton shi kaɗai ne ya kore shi. Muka zauna a bakin rijiyar nan har aka kira magariba. Mijinki ba zai san abin da ke ranki ba don kawai kuna cin tuwo ɗaya, ke ma ba za ki san nasa ba. Mazan nan an hana su kuka tun suna yara, wani lokaci sai kin fara buɗe naki sannan ya iya.

Na sake buɗe rumfa, kin gani da idonki. Kada ki ɗauka warkewa ce irin ta zazzaɓi, a yi gumi a tashi. Har yau in mashin ya tsaya a ƙofar gida sai gabana ya faɗi. Ranar Sallah in samari sun wuce da sababbin kaya ina duba tsayinsa a cikinsu. Amma ina cin abinci in ji daɗinsa, ina dariya, na taka rawa a bikinki kowa ya gani, ban kuma ji na ci amanarsa ba. Ina yi masa addu'a da sunansa a kowace salla, ina sa rai da rahamar Allah a kansa, wanda ya ga dama ya ce na yi kuskure. Samarin tasha kuma sun shiga uku da ni. In na ga yaro ya bar nama a kwano, ko mai surutu ya yi shiru, sai na tsare shi. In ya ce lafiya lau in ce na ji wannan, saura ta gaskiyar. Har suna suka sa mini, Inna Kwastan, wai ba a wuce ni sai an buɗe kaya. Wasu ba komai, yunwa ce ko faɗan budurwa. Akwai wanda muka kai Katsina ni da uwarsa, yana nan yanzu yana jan motarsa.

In Allah Ya ba ki rabo za ki dawo gida wanka, sauran bayani sai a lokacin. Amma tun yanzu ki ji. Ɗan farinki ki ɗauke shi a gaban kowa, ki kira shi da sunansa, in na suruki ne ki sa masa wani da bakinki zai iya. In ya faɗi ki duba gwiwar da kanki. In surukai sun ce amaryar Jibiya ba ta da kunya, ki ce gado kika yi, uwarki ce ta lalace da tsufa.

Saura guda. Ita ta fi mini wuya, shi ya sa na yi ta tura ta ƙarshe.

Ranar da aka sa miki lalle, ɗaki cike da mata, wata gwaggonki ta ce, "Allah sarki, da Abba na nan da shi za ya ja ayarin mashina har Maraɗi." Aka ce Allah Ya ji ƙansa, aka ci gaba da guɗa. Ke kika miƙe da lallen a hannu kika zagaya bayan ɗaki. Na bi ki. Na same ki kin jingina goshi da bango, ba kuka kike ba, tsaye kawai. Da kika ji motsina kika juyo da murmushi kika ce, "Ba komi, Inna, zahi ne ya yi yawa a ɗakin." Na ce to, na koma cikin mata kamar wadda ba ta koyi komai ba. Ina zama na gane irin amsar yayanki kika ba ni, ni kuma na sake karɓa.

Ke kika kai wa yayanki koko shagon da yake kwana safiyar da ya rasu, don ke ce 'yar aikena gare shi tun kina koyon tafiya. Kika dawo da kwanon a hannu ko ɗigo bai zuba ba, kika ajiye shi a gabana, kika ce, "Inna, zo." Daga wannan lokacin na manta da ke. Kwanakin makoki ke ce mai ɗebo ruwa, mai shimfiɗa tabarma, mai jera takalman baƙi. Mata suna tsallake ki su zo su durƙusa a gabana. Haka ake yi, manya ake yi wa gaisuwa, yara aike ake yi da su. Ba wanda ya tsayar da ke ya ba ki haƙuri. Da na kwanta ke kika ɗauki girki da shara da wankin Babanku, ga makaranta, kina 'yar budurwa ko zani ba ki gama iya ɗaurawa ba. Da na tashi na yi kukana da Dije, na yi da Babanku, na yi da likita, har 'ya'yan mutane nake tsarewa da tambaya a tasha. Ke da kike gilmawa a gabana kullum ban taɓa zaunar da ke ba. Na ce yarinya ce, ta manta. Na ga kina dariya na ce Allah Ya ba ni ɗiya mai sauƙin kai. Alhali duk gidan nan ba wanda ya san Haruna kamarki, ke yake goyawa a mashin ya kai makaranta, ke yake ba labarin da ni ban samu ba, ke kuma kika fara gani.

In akwai abin da kike ɗauke da shi, cewa da kin je da wuri, ko da kin faɗa mini wani abu da kika lura, da ba haka ba, ki sauke shi. Ba kayanki ba ne. Yarinya ce ke, mu ne manya, mu ma ɗin ciwon ya fi ƙarfin saninmu.

Ki gaida Isuhu da iyayensa, ki gaida duk wanda ya tarbe ki da alheri. Babanku yana sa miki albarka, Dije ta ce a faɗa miki nonon Maraɗi bai kai nata ba. Allah Ya tsare ki daga sharrin hanya da na mutane da na zuciya, Ya sa gidan nan ya zama wurin hutunki, Ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Yanzu ga ni na zo, a makare. Ki ɗauka na cire takalmi a ƙofar ɗakinki na durƙusa a gabanki kamar yadda aka yi mini. Murja, ya haƙuri? Ya haƙurin rashin yayanki Haruna? Allah Ya ji ƙansa, Ya yafe masa, Ya sanyaya miki zuciya. Kada ki amsa mini da "da godiya". In kin sami wuri ke kaɗai ki kira ni a waya, ki faɗa mini yadda kika yi tun daga safiyar nan har yau, ko zai ci mana yini guda. Ba zan katse ki ba.

Wassalam.

Ni ce Innarki,
Hajara